Layin da Safina Ta Rufe

Shafi na 19

Ga wanda ya riske mu a tsakiya: Malam Zubairu direban Alhaji Falalu ne a Nassarawa GRA. 'Yarsa Safina ce ke kula da kwamfutocin kamfanin gwajin jini na Alhajin, kamfanin da ɗan Alhaji, Badaruddeen, yake shugabanta. Mun tsaya ne a inda aka dakatar da Safina daga aiki.

*

Tun daga Tudun Murtala har adaidaita sahun ya shigo inuwar bishiyoyin GRA, Malam Zubairu bai ce wa 'yarsa uffan ba. Titi kawai yake kallo kamar baƙo, titin da ko da ido a rufe zai bi shi ya kauce wa ramukansa.

Ita kuwa Safina ta rungume jakar kwamfutarta a ƙirji. Da suka zo wajen shataletale ta ce, "Baba," a hankali.

Ya ɗaga mata hannu.

Ba ƙin jin ta bakinta yake yi ba. Tsoron ji yake yi, don ya riga ya ba da magana.

Bayan sallar azahar ne, a ƙofar masallacin layin, Alhaji Falalu ya kama hannunsa bai saki ba har mutane suka watse. Ya gaya masa yarinyar ta taɓa wani abu a na'urar kamfani, aikin da ake yi cikin ƙiftawar ido ya koma tafiyar hawainiya, asibitoci sai kira suke suna ƙorafi. Gobe kuma manyan baƙi za su zo daga Abuja su ga saurin aikin da idonsu, kafin su amince su riƙa turo gwaje-gwajensu. An ce ta mayar da abin yadda yake, ta ƙi. An ce ta ba da kalmar sirrin shiga, ta ƙi. Ban da ita kuma babu wanda ya san kan na'urar, tunda wanda ya gina ta ya bar ƙasar.

Zubairu bai tambayi me ta taɓa ba. Bai tambayi don me ba. Haka aka rene shi a ƙauyensu can ƙasar Jigawa: idan babba ya kawo maka ƙarar ɗanka, ba bincike kake yi ba, haƙuri kake bayarwa, sai ka koma gida ka yi hukunci.

"Ai an gama, Alhaji," abin da ya ce ke nan. "'Yata ce. Kafin magariba za ta gyara."

Da ya je gida ɗaukarta, matarsa Jummai ta tare shi a zaure, ta roƙe shi ya zauna ya ji abin da yarinyar za ta ce tukuna. Sai ya tuna mata gidan da take tsaye a ciki na waye, da wanda ya ɗauki nauyin karatun Safina tun daga sakandare har jami'a. Jummai ta juya. Ta koma ciki ta ɗauko wa Safina mayafinta.

Falon Alhaji yana da sanyin da ke shiga ƙashi. Zubairu ya cire takalmi a waje, ya yi sallama, ya zauna a kan kafet kusa da ƙofa, wurin zamansa tun gashin kansa yana baƙi. Safina ta durƙusa ta gai da Alhaji. Ya amsa da sakin fuska, carbi a hannunsa, har ya tambaye ta lafiyar mahaifiyarta.

Badaruddeen bai zauna ba. Kai-komo yake yi a bayan kujeru, wayoyinsa suna ta ruri a aljihu yana kashewa. Yaro ne da Zubairu ya sha kai shi makaranta yana kuka a kujerar baya, ya sha tsayawa a hanya ya saya masa tsire a ɓoye kada Hajiya ta sani. A da Badaru yake kiransa. Tun da aka ba shi kamfani ya koma ce masa Manaja.

"Sannu da zuwa, Baba Zubairu," in ji Badaruddeen, ba tare da ya kalle shi ba. "Injiniya, yau dai an yarda a gan mu?"

Safina ta sunkuyar da kai.

Zubairu ya gyara murya ya shiga ba da haƙuri. Ya ce ƙuruciya ce. Ya ce karatun zamani yana sa yaro ya ga kamar ya fi kowa sani. Ya ce laifinsa ne da bai tsawata mata da wuri ba, ya ce duk abin da suka zama shi da iyalinsa a inuwar gidan nan suka zama shi. Yana magana yana jin numfashin 'yarsa yana canzawa a gefensa, amma bai juya ba.

Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, Safina ai shi ma 'yarsa ce. Sannan ya dube ta.

"To 'yar nan, me ya yi zafi haka?"

"Abba, in ka ba ta dama za ta cika ka da Turanci har a kira magariba," in ji Badaruddeen.

"Da Hausa zan faɗa," ta ce.

Amma ba Alhaji ta fuskanta ba. Wajen mahaifinta ta juyo, kamar su biyu ne kaɗai a ɗakin.

Ta ce idan asibiti yana son sakamakon gwajin majiyyaci, kwamfutarsa ce take kiran kwamfutar kamfani, kamar yadda mutum yake kiran ɗan'uwansa a waya. Ta yi tambaya, a ba ta amsa. To don a yi sauri, sai aka tsara cewa in an gama ba a kashe kiran. Layin yana nan a buɗe, tambaya ta gaba sai ta bi ta cikinsa, ba sai an sake kira an sake gaisawa ba. Ta faɗi sunan abin da Turanci, har da wasu haruffa, H-T-T-P, amma bai zauna a kunnen Zubairu ba. Maganar wayar ce ta zauna.

Badaruddeen ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce duk duniya haka ake yi, ko wayar da ke hannun Abba haka take aiki, ba a kan Safina aka fara kwamfuta ba.

Ta ce gaskiya ya faɗa, kuma a wajen mutane abin lafiya lau yake aiki. Nasu ne yake da aibi. Idan netwok ya yi nauyi, kwamfutar asibiti takan gaji da jira ta haƙura da tambayar. Amsar kuma sai ta iso daga baya ta maƙale a cikin layin. Da an tambayi na wani majiyyaci ta wannan layin, amsar farko ce take fitowa. Wanda ya gina tsarin bai sa suna a jikin amsar ba, lambobi ne kawai. Sai ka ga sunan mutum a sama, jinin wani a ƙasa.

"Shi ne na rufe, Baba. Yanzu kowace tambaya da kiranta, ana ba da amsa a kashe. Ya yi nauyi, na sani. Amma amsar wani ba ta zuwa wa wani."

Carbin Alhaji ya tsaya.

Ya tambaye ta ko wannan abu ne da take tsoron faruwarsa, ko kuwa ya taɓa faruwa.

Zubairu ya ga 'yarsa ta ɗaga ido ta kalli Badaruddeen, ya ga Badaruddeen ya kau da kai wajen labule. Ya daɗe yana tuƙa mutane yana kallonsu ta madubi, ya san irin wannan kallon.

"Yaya Badar, kai za ka faɗa ko ni?"

"Kuskuren rubutu ne," in ji shi da sauri. "Kuma an hukunta wadda ta yi."

Safina ta ce ba kuskuren rubutu ba ne. Ta ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Giginyu, wata mata ta haihu jini ya ƙi tsayawa, aka nemi sanin rukunin jininta don a ƙara mata. Amsar da kwamfuta ta bayar ba tata ba ce. Har an ɗauko ledar jinin, sai ungozomar wurin, wata mai suna Muhibba, ta tuna ita ta karɓi haihuwar matar ta baya, kuma ba wannan rukunin aka ƙara mata ba. Ta hana a rataya. Aka sake gwaji da hannu, aka ga da an saka da sai dai wani labarin.

Asibitin ya kira kamfani. Badaruddeen ya ɗora laifin a kan Hasiya, yarinyar da ke karɓar mutane a kanta, ya sallame ta a ranar. Safina ta ce ita ta bi abin daki-daki, ta ga hannun Hasiya bai ma kai wurin ba. Ta je ofis ta nuna masa. Ya ce ta bari sai baƙin Abuja sun zo sun tafi.

"Shi ya sa ban ba da kalmar sirrin ba," ta ce. "Na san in na bayar za a samo wanda zai buɗe."

Zubairu bai san sanda bakinsa ya fara salati ba.

Alhaji ya juya gaba ɗaya ya dubi ɗansa.

"Gaskiya ne?"

"Abba, babu wanda ya mutu."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Badaruddeen ya zagayo ya tsuguna a gaban mahaifinsa. Yanzu babu izgili a muryarsa, sai magiya. Ya ce abu ne da ba ya faruwa sai an daɗe, cikin dubban gwaje-gwaje. Ya ce saurin nan shi kaɗai baƙin za su zo gani, shi ya bambanta su da sauran kamfanoni, kuma in suka zo suka tarar ana danna abu ana jira kamar masu layin mai, ba za su dawo ba. Ya ce akwai ma'aikata masu iyali da suke jiran wannan hulɗar don a ci gaba da riƙe su. Ya ce zuwa gobe da azahar kawai yake roƙo. Da baƙi sun hau mota, ta rufe abinta, ta ɗauki duk lokacin da take so ta gyara.

Alhaji ya tambayi Safina ko akwai yadda za a yi a gyara aibin kafin safiya, a samu saurin ba tare da haɗarin ba.

Ta girgiza kai. Ta ce gyaran ba a wajensu kaɗai yake ba, sai an bi kwamfutocin asibitocin ɗaya bayan ɗaya. Ba aikin yini ba ne.

Alhaji ya jingina da kujera ya rufe ido.

Zubairu ya zuba masa ido yana addu'a a zuci. Ya san mutumin nan. Ya ga ya gina masallaci, ya ga ya kai marasa lafiya asibiti a motarsa ta shiga. Yanzu zai buɗe ido ya ce a bar layin a rufe, shi ke nan kowa ya huta, shi ma maganar da ya bayar ta faɗi da kanta ba sai ya janye ta ba.

Alhaji ya buɗe ido. Ya ce abin da ke tsakaninsa da Badaru, shi da shi ne, ba a gaban kowa ba. Ya ce yarinyar da aka sallama za a dawo da ita. Sannan ya ce amma baƙin nan shi ya gayyato su da bakinsa, abokan hulɗarsa ne tun kafin a haifi yaran nan, ba zai tara su ya ji kunya ba.

Bai kalli Safina ba. Bai kalli ɗansa ba.

"Zubairu."

"Na'am, Alhaji."

"Da kai na yi magana a ƙofar masallaci."

Maganar ta sauka a kan Zubairu kamar an ɗora masa buhu. Ya sunkuyar da kai yana kallon zanen kafet. Gidan Tudun Murtala ya zo masa. Ƙannen Safina da ke makaranta suka zo masa. Ya tuna shekarunsa, ya tuna babu mai ɗaukar sabon direba da furfura a gemu. Ya ce wa zuciyarsa zuwa gobe da azahar ne fa kawai. Ya ce mata Alhaji ya fi shi ilimi, ya fi shi sanin duniya, in da abin ya kai yadda yarinyar take faɗa ai ba zai yarda ba. Zuciyar ba ta amsa masa ba, amma bakinsa ya buɗe.

"Mamana, ki buɗe musu."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka tun tana zanin goyo bai taɓa kiran sunanta ba.

"Baba, ka ji fa abin da na ce."

"Na ji. Ki buɗe."

"Baba, don Allah."

"Safina."

Ta ɗago da sauri kamar an watsa mata ruwa. Shi kansa sai da sunan ya yi masa ɗaci a baki.

"In dai ni na haife ki," ya ce, "ki yi abin da aka ce."

Ba ta yi gardama ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da ta yi tsiwa, da ta tashi ta fita, da ya samu abin da zai yi fushi da shi. Amma sai ta zuge jakar a hankali, ta fito da kwamfutar ta ɗora a kan ɗan teburin tsakiya, tana durƙushe. Hawaye yana zuba, ba ta share ba. Ta shigar da kalmar sirrin. Allon ya cika da ƙananan rubutu farare a kan baƙi.

Badaruddeen ya miƙe ya zo ya tsaya a bayanta, yana leƙe ta saman kafaɗarta.

Babu abin da ake ji a falon sai ƙarar yatsunta. Can waje wani mai lambu yana ban ruwa, ruwan yana dukan ganye. Zubairu yana kallon bayan hannun 'yarsa, yana ganin ɗan tabon ƙunar da ta samu tana ƙarama, ranar da ta kai hannu kan salansar babur ɗinsa. Shi ya ɗauke ta a guje ran nan. Yau shi ya kawo ta nan.

Ta gama. Ta janye hannayenta ta ɗora a cinya.

"Baba, na yi abin da ka ce. Saura maɓalli ɗaya, wannan babban. Da an danna shi layukan za su koma a buɗe."

"To danna mana," in ji Badaruddeen.

Ba ta ko juya ba.

"Ba zan saɓa maka ba, Baba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka kalle ni, ka ce in danna."

Ta ƙara da cewa, a hankali, don dai ya sani, yanzu ne lokacin da asibitoci suka fi tambaya. Duk wanda za a yi wa aiki da safe, da yammar nan ake neman sakamakon jininsa. Kuma da yamma ne netwok ya fi nauyi.

Alhaji ya ce yarinyar nan tana neman ta mayar da ƙaramin abu babba. Ya ce Zubairu ya sallami mutane, lokacin salla yana matsowa.

Zubairu ya ɗago ya kalle ta. Idonta ya yi ja, amma ba fushi a cikinsa. Jira kawai take yi, irin jiran da take yi tana ƙarama in ta tambaye shi abu ta san ba zai yi mata ƙarya ba.

"Za ki iya rantsuwa wani zai cutu?" ya tambaye ta.

"A'a, Baba. Ba zan iya ba."

Badaruddeen ya buɗe hannaye yana kallon mahaifinsa.

"Kuma ba zan iya rantsuwa ba zai cutu ba," ta ce.

Nan ne abin ya zo wa Zubairu, ba tare da ya nema ba. Ranar haihuwar autansu, da Jummai ta yi ta zubar da jini har leɓenta ya yi fari. Yana tsaye a barandar asibiti, takalminsa ƙafa ɗaya a gida ya bar shi. Wata ma'aikaciya ta wuce shi da ledar jini a hannu. Bai tsayar da ita ba. Bai tambaye ta jinin waye ba, ko ta yaya aka san ya dace. Me ya sani da zai tambaya? Ya dai matsa ya ba ta hanya, har ya ce mata Allah ya saka da alheri.

Yau ma akwai wani mutum irinsa a wata baranda. Wataƙila ɗan adaidaita, wataƙila mai shayi. Zai matsa ya ba da hanya, ya yi godiya.

Zubairu ya juya wajen Alhaji, ya gyara zama ya durƙusa sosai, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa.

Ya ce Alhaji ya yafe masa. Ya ce bai taɓa ba shi magana ya janye ba, kuma Allah ne shaida ba raini ba ne. Ya ce a ƙofar masallaci ya yi gaggawa, ya ba da abin da ba nasa ba ne. Da motar ce, ko lokacinsa, ko ƙarfinsa, da ya bayar ya ƙara. Amma wannan maganar jinin mutane ce.

"Mamana, kada ki—"

Bai ƙarasa ba.

Hannun Badaruddeen ya zo ta saman kafaɗar Safina ya sauka a kan maɓallin. Ƙarar ba ta fi ta ƙyasta ashana ba. Rubutun allon ya gudu sama, ya tsaya.

Safina ta kai hannu, amma ya riga ta. Ya ɗauke kwamfutar daga kan teburin, bai rufe murfin ba, ya riƙe ta a buɗe da hannu biyu kamar mai ɗauke da faranti.

"Kayan kamfani ne," ya ce. "Mun gode, Injiniya. Baba Zubairu, mun gode."

"Ya buɗe," in ji Safina. Muryarta ta koma ƙasa-ƙasa. "Baba, ya buɗe. Kuma har yanzu ina cikin na'urar, da sunana. In ya fita da ita zai sa a canza kalmar sirrin. Ba ta inda zan sake rufewa."

Zubairu ya dubi Alhaji. Alhaji yana kallon carbinsa, yana ja ɗaya bayan ɗaya. Bai ce a ajiye ba. Bai ce a tafi ba.

Badaruddeen ya nufi ƙofa. Ƙofar kuwa ɗaya ce, kuma Zubairu ne a bakinta.

Gwiwoyinsa sun yi tsami da zama, sai da ya dafa bango ya miƙe. Bai taɓa tsayawa a falon nan Alhaji yana zaune ba sai in sallama zai yi. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar, hularsa ta karkace.

Badaruddeen ya ja birki dab da shi. Ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfi, turarensa ya cika wa Zubairu hanci.

"Baba Zubairu, matsa."

"Badaru," ya ce. "Mayar mata."

"Me ka ce?"

"Ni na sa ta buɗe. Ni zan tsaya ta rufe. Mayar mata."

Wayar aljihun Badaruddeen ta sake ɗaukar ruri, babu hannun da zai kashe ta. Safina ta miƙe tsaye a bayansa. A kan kujera, carbin ya daina motsi.

"Zubairu," in ji Alhaji Falalu, a hankali, da muryar da Zubairu bai taɓa jin ya yi masa magana da ita ba. "A gidana?"

Zubairu ya kai hannunsa baya yana lalube, har yatsunsa suka samu makullin da ke jikin ƙofar.

Ya murza shi, ya zare.